Akori-kura mai baƙin hayaƙi da sanyin safiya: yadda muka gano ciwonta a Zariya

Motar akori-kura ce ƙirar Toyota ta 1992, cikin 'yan Amurkan nan da suka shigo ta Kwatano. Injinta 22R-E ne, silinda huɗu, lita 2.4. Ba mai kafireto ba ce, mai nozil ce, kwamfuta ke auna mata mai, wadda mu a gareji muke kira birenbos. Mai ita wani dattijo ne da ke harkar kayan gwari a Tudun Wada, direban kuma ɗan ƙaninsa ne. Aikinta a lokacin rani sananne ne: ana idar da sallar asuba ta nufi fadamun Galma, ta ɗauko kwandunan tumatir da tattasai, ta sauke kafin rana ta yi zafi kayan su fara laushi.

Kukan da suka kawo shi ne, tun da hunturu ya kankama a Disamba motar ta canza hali. Da asuba tana tashi, amma da ƙyar, sai an danna mata totur. In ta tashi sai ta riƙa kakkarwa tana neman mutuwa, salansa na fitar da baƙin hayaƙi, warin ɗanyen fetur ya cika layin har maƙwabta sun fara magana. Idan rana ta ɗaga aka yi tafiya mai ɗan tsawo sai ta saki jiki, hayaƙin ya ragu. Mai kuwa tana shansa fiye da da, kuma tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, babu mai motar haya ko ta kaya da ke wasa da wannan magana. Ribar kwandon tumatir nawa take, balle a ƙone ta a salansa?

Kafin ta iso gare mu an riga an kashe mata kuɗi. An canza fulogi, ba a jima ba sababbin suka yi baƙi. An wanke nozil. An sa wani famfon mai. Daga ƙarshe aka ce wa Alhaji, mai motar, birenbos ce ta ƙone, ya tafi Panteka a Kaduna ya nemo ta Beljiyam. Abin da ya sa duk aka yi ta harbi a duhu bai wuce abu ɗaya ba: direban yakan kai ta gareji ne da hantsi, bayan ya gama jigilar safe. A lokacin injin ya ɗumama, ciwon ya lafa, bakanike ya ga mota kusan lafiyayya, sai ya canza abin da ya fi zargi. Shi ya sa na kafa sharaɗi: motar za ta kwana a gareji, ba mai taɓa makullinta sai na zo da safe.

Direban bai so ba. Ya ce, "Oga, gobe akwai lodi fa." Alhaji ne ya raba gardamar, ya ce a bar ta.

Sai an fahimci dalilin da ya sa kowane inji ke neman ƙarin mai da sanyi kafin a gane inda tamu ta wuce gona da iri. Fetur ba ya ci sai ya zama tururi ya gauraya da iska. Injin da ya ɗauki zafi yana son kusan kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na fetur, bisa nauyi. Amma in ƙarfe ya kwana cikin sanyi, wani ɓangare na man da nozil ta fesa ba ya zama tururi, mannewa yake a bangon bututun shiga da na silinda. Don haka dole a ƙara mai domin abin da ya samu ya tashi ya isa fulogi ya kunna. A mota mai kafireto cok ne ke wannan aiki. A tamu birenbos ce ke tsawaita lokacin da kowace nozil ke buɗe, tana ragewa a hankali yayin da ruwan inji ke ɗumama. Ita birenbos ba ta jin sanyi ko zafi da kanta. Kamar makaho take da ɗan jagora: abin da sansar zafin ruwa, wato 'yar na'urar da ke auna zafin ruwan inji, ta faɗa mata shi za ta bi. A wannan lokaci kuma ba ta sauraron sansar salansa, wadda ke shinshinar hayaƙi ta ce mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan, domin ita sai ta yi zafi sosai take fara aiki. Ke nan duk ƙaryar da aka yi wa birenbos da sanyin safiya ba mai ƙaryata ta. In inji ya yi zafi ne sansar salansa ke shigowa ta rufe wani ɓangare na aibin. Wannan ya yi daidai da labarin direban, mota marar lafiya da asuba mai sauƙi da rana.

Da safe hazo ya rufe gari, ƙura ta kwanta a kan bonet. Na rataya ma'aunin zafi a jikin lagireto, ya tsaya a wajen digiri 14. Kafin a tayar da ita na zaro gejin baƙin mai. Man ya haura alamar cika, ya tsinke yana ɗiga kamar ruwa, kuma hanci kaɗai ya isa ya gaya maka akwai fetur a ciki. Wannan ya fi hayaƙin tayar mini da hankali. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke man da ke jikin silinda, ya gangara ta gefen zobban fistin ya shiga cikin baƙin mai. Mota mai irin wannan ciwo ba aljihu kaɗai take ci ba, zobba da metal take ci a ɓoye.

Muka kwance fulogi huɗun. Dukkansu baƙi ƙirin, amma baƙin busasshe ne mai laushi, in ka shafa da yatsa ya tashi kamar gari. Ba jiƙaƙƙen baƙi mai maiƙo ba ne irin na injin da ke shan baƙin mai. Kuma duka huɗun iri ɗaya. Da nozil guda ce ke yoyo, da fulogi guda ne zai fi sauran baƙi. Tun da ciwon ya game su, mai laifin abu ne da ke shafar silinda huɗun gaba ɗaya.

Na'urar binciken da ta cika garejoji yanzu, mai soket ɗin nan na ƙarƙashin sitiyari, ba ta shiga wannan mota, domin tsarin OBD-II da na'urar ke aiki da shi sai daga 1996 ya zama dole a motocin Amurka. Amma tsofaffin Toyota suna da hanyarsu ta magana. Akwai ɗan akwati a ɗakin inji. Ka haɗa ramin TE1 da E1 da guntuwar waya, ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, sai fitilar inji ta dashbod ta fara ƙifta lamba. Lamba 22 ta sansar zafin ruwa ce, 21 ta sansar salansa, 26 kuma mai ya yi yawa. Tamu ƙiftawa kawai take a jere ba tsayawa, alamar babu wata lamba a ajiye. A nan mutane da yawa ke ruɗewa su ce ai kwamfuta ta wanke sansa. Ba ta wanke ta ba. Birenbos ɗin wancan zamani tana kama sansar ruwa ne kawai idan waya ta tsinke ko ta haɗe. In haka ta faru ma sai ta ɗauka ruwan yana digiri 80 ta ci gaba da aiki. Amma in sansa ta ce ana ƙanƙara alhali ana sanyin Zariya ne, ba ta da hanyar ganewa, domin amsar tana cikin abin da zai iya yiwuwa.

Duk da zargina ya karkata can, ban tsallake sauran ba. Filtar iska ta sha ƙurar hunturu, muka canza ta, ko da yake a irin wannan inji toshewarta ba ta ƙara mai yadda take yi a kafireto, saboda ana auna iskar ne bayan ta wuce filta. Ma'aunin iskar shi ne akwatin nan mai ƙofa a ciki da baƙin murfin roba a sama. Na duba gam ɗin murfin, na kamfani ne, ba a taɓa fasa shi ba, kuma na yi hamdala. Akwai masu ɓalle murfin su juya haƙoran sifirin ɗin ciki wai don rage shan mai. Wanda ya yi haka ya ɓata awon da ba a dawo da shi da ido, kuma duk wanda zai binciki motar bayansa ya shiga uku. Don Allah a bar wannan murfi.

Sai ƙarfin mai. Na zare siririn tiyon iska da ke kan ragileta, mai daidaita ƙarfin man, a bushe yake, ba warin fetur, wato fatar cikinta ba ta fashe ba. Da muka ɗaura geji, a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, ya nuna psi 35, yana tsakanin 33 da 37 da ake so. Da aka cire tiyon ya haura wajen 40. Muka kashe inji muka zuba wa allurar ido, ba ta faɗi ba. Nozil mai yoyo ba ta barin ƙarfi ya tsaya haka. Wannan inji yana da nozil ta biyar, ta tashin sanyi, a jikin tukunyar iska, wadda aikinta fesa mai na 'yan daƙiƙu lokacin da sitata ke juyawa kawai. Ta sha jawo irin wannan ciwo idan ta tsufa tana ɗiga. Muka fito da ita da bututunta a jiki, muka sa mata farar takarda a ƙasa. Ko ɗigo babu.

A gaban injin, kusa da gidan tamostat, wato ƙofar da ke tsare ruwa a cikin inji har sai ya yi zafi, akwai sansar birenbos mai koren soket da waya biyu, kusa da ita kuma makunnin nozil ɗin tashin sanyi. Allurar zafi ta dashbod tana da nata ma'aunin daban mai waya ɗaya, don haka maganar direba ta cewa "ai gejin zafi na aiki" ba ta shafi abin da birenbos ke ji ba. Sansar irin wadda turjiyarta ga lantarki, da ake aunawa da om, ke raguwa ce in zafi ya ƙaru. Jadawalin Toyota ya ce a digiri 0 om 4,000 zuwa 7,000. A digiri 20 om 2,000 zuwa 3,000. A 40 om 900 zuwa 1,300. A 60 om 400 zuwa 700. A 80 kuma om 200 zuwa 400. A sanyin digiri 14 ina sa ran ganin wajen 3,000. Na ɗora mita, ta nuna sama da 9,000. Na sake aunawa daga bakin birenbos, tsakanin ramukan THW da E2, amsar ba ta canza ba, wato wayoyin lafiya suke, sansar ce da kanta. A lissafin birenbos, wannan mota ta kwana ne a garin da ruwa ke daskarewa, zafinsa ƙasa da sifiri, kuma man da ya dace da can take zuba mata.

Da muka kwance ta sai ga farin zaren famfo an naɗe a wuyanta, bakin soket ɗin kuma an fere shi da reza don ya shiga. Ba tata ba ce. Direban ya tuna cewa da damina ta asalin ta karye lokacin wani aiki, aka samo wannan a cikin tarkace aka ɗaura, tun da ta shiga kuma fitila ba ta kama ba. Da damina da ɗumin Oktoba bambancin bai isa ya fito fili ba. Hunturu ne ya tona.

Na aiki yaro wurin mai shayin bakin titi ya karɓo ruwan zafi a kofin silba. Muka tsoma kan sansar tare da ma'aunin zafi, Alhaji na tsaye yana kallon mita. A digiri 80 ta nuna wajen om 550, wanda a jadawali na digiri 60 ne. Ko da zafi ma ƙarya take, sai dai ƙaramar ƙarya. Sabuwar da muka sayo daidai da lambar motar, a kofi guda, ta nuna ɗari uku da 'yan kai.

Da nan aikin ya tsaya da an ce an gama, kuma lalle da aka ɗaura sabuwar hayaƙin asuba ya ɗauke. Amma akwai abin da hannuna ya ji tun tashin farko. Ina riƙe da tiyon lagireto na sama, sai na ji yana ɗumama a hankali tun daga mintin farko. A injin da ke da tamostat wannan tiyo sanyi yake zama na wani lokaci, sannan ya ɗau zafi kusan lokaci guda sa'ad da tamostat ya buɗe. Muka kwance gidan, wayam, ba komai a ciki. Fankar ma an huda kulocinta an ɗaure da noti, tana juyawa da cikakken ƙarfi ko inji na sanyi.

Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, sai mun mayar da tamostat."

Ya girgiza kai. "A'a, ɗana. Wannan na ƙasar Turawa ne masu ƙanƙara. Da shi a ciki ta taɓa tafasa mini a hanyar Giwa, har sai da aka canza gaskit. Tun da aka cire ban sake ganin allura ta hau ba."

Ban ɗauki tsoronsa wasa ba. Kan wannan inji na alminiyom ne a bisa gangar jikin ƙarfe, in ya tafasa da gaske kan na iya lanƙwasa, gaskit ya ƙone, kuma wanda ya taɓa biyan wannan kuɗi ba ya mantawa. Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. An ƙera injin ne ya yi aiki ruwansa na tsakanin digiri 80 da 90 da 'yan kai. Tamostat ɗin kamfani yana fara buɗewa a wajen 88, akwai kuma mai 82 a kasuwa. Rana mafi zafi a Zariya, cikin Afrilu, iska ba ta kai rabin wannan ba sai da ƙyar. Saboda haka ko a bazara inji yana bukatar abin da zai riƙe masa ruwa har ya kai zafin aikinsa. Tamostat mai lafiya, da zarar ya buɗe gaba ɗaya, ba ya hana sanyaya. Idan mota ta tafasa da shi a ciki, ko dai shi ne ya mutu a rufe, a canza shi, ko kuma lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya ci, ko murfi ba ya riƙe ƙarfi. Cire shi rufe ciwo ne, kuma ana biyan kuɗin rufewar kullum a gidan mai.

Ga wannan mota abin ya fi muni saboda yanayin aikinta. Tana fita da asuba, ba kaya a baya, iskar hunturu na dukan lagireto, fanka na hurawa ba hutu. Ruwan ba ya samun damar yin zafi. Ko da sansa mai gaskiya, birenbos za ta ci gaba da ƙarin man ɗumama har ta kai fadama, saboda injin da gaske sanyi yake. Ga shi kuma baƙin man da bai yi zafi ba ba ya korar fetur da raɓar da suka shiga cikinsa. Cututtuka biyu ne suka haɗu: sansa ta ce sanyin ya fi yadda yake, rashin tamostat kuma ya hana sanyin wucewa. Ina ganin rabin tsofaffin motocin da ake yi wa shaidar shan mai a garin nan, in aka buɗe gidan tamostat ɗinsu, abin da za a tarar ke nan. Wannan zatona ne daga abin da nake gani a gareji, kuma yana ci mini rai, domin masu su talakawa ne da ke lissafin kowace lita.

Ban nemi Alhaji ya yarda da baki ba. Na ce a fara da lagireto. Da mai gyaran lagireto ya buɗe tankin sama, Alhaji ya leƙa da kansa ya ga bututu da yawa sun toshe da farin dutse da tsatsa, sakamakon shekarun da aka yi ana zuba ruwan rijiya zalla. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ashe wannan ne ya tafasa ta." Aka zure bututun ɗaya bayan ɗaya, aka wanke gangar injin har ruwa ya fito fari, aka sa sabon murfi. Sabon tamostat ɗin sai da muka tsoma shi a tafasasshen ruwa a gabansa ya ga bakin ya buɗe, muka fito da shi ya ga ya rufe, tukuna ya ce a ɗaura. Muka samo kulocin fanka na Beljiyam mai kyau, muka cika da ruwan sanyaya inji na galan maimakon na rijiya. Aka juye gurɓataccen baƙin man da filtarsa. Fulogin ba mu zubar ba, sababbi ne, goge su kawai aka yi. Da injin ya yi zafi muka daidaita tayimin a digiri 5 tare da TE1 da E1 a haɗe, silo kuma a 750.

Motar ta sake kwana, domin gwajin da ba a yi da sanyi ba bai amsa tambayar da aka kawo ba. Da asuba murɗa ɗaya ta tashi ba a taɓa totur ba. Silo ya ɗan hau kamar yadda ya kamata, ya sauko da kansa. Abin da ya fito a salansa farin tururi ne da ya ɓace cikin 'yan mintuna. Tiyon sama ya zauna da sanyinsa, can ya ɗau zafi lokaci guda. Muka bi hanyar Kwangila zuwa Samaru muka wuce Shika muka juyo, allurar zafi ta hau kusa da tsakiya ta tsaya cak. Direban ya firgita da ganinta a wurin, don bai saba ganin ta kai nan ba, sai da na nuna masa cewa nan ne mazauninta, abin tsoro shi ne ta wuce ta nufi ja.

Abu ɗaya bai gamsar da ni ba. Sansar salansa ta daɗe tana shan baƙin hayaƙi. Ana gwada ta ne da mita mai allura a ramin VF1, TE1 da E1 na haɗe, inji a 2,500. Ana son allurar ta kaɗa aƙalla sau 8 cikin daƙiƙa 10. Tamu tana kaɗawa, amma a kasalance, ba ta cika adadin ba. Wani lokaci tafiya mai nisa da inji mai zafi tana ƙone tokar ta farfaɗo, wani lokaci kuma ta riga ta gaji. Na gaya wa Alhaji kada ya saya tukuna. Direban zai riƙa cika tanki yana rubuta litar da ya sha da kilomitar da ya yi a ɗan littafi, su dawo bayan sati biyu mu sake auna ta, mu kuma shinshina gejin baƙin mai. Na kuma roƙe shi ya kawo ta a Afrilu da cikakken lodi a tsakar rana, domin a nan ne za a san ko lagireton da aka zure zai iya da zafin bazara ko sai an sa sabo.